Abin da Aka Ce Yayana Ya Kwaso a Hanya

Yayana direban babbar mota ne a kamfanin niƙa alkama. Fulawa yake kai wa gidajen burodi na garuruwa masu nisa, ya yi kwanaki a hanya, ya dawo girarsa ta yi fari fat kamar wanda ya tsufa a tafiya ɗaya. A garejin kamfanin Kunkuru suke ce masa, saboda ba ya gudu. Abokan aikinsa su tashi a bayansa, su riga shi isa, su sauke kaya, su ci abinci, sannan su hango shi yana tafe. In sun tsokane shi sai ya ce, "Fulawar ba ta ce mini tana sauri ba." Duk shekarun da ya yi yana tuƙi, ko kaza bai taɓa takewa ba.

Ni ƙanensa ne, gyaran firji nake yi. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kama hannuna ya kai ni wurin koyon aiki. Mutum ne mai kunya fiye da kima. Ko riga ba ya cirewa a gaban mutane, kuma in ana hirar mata a gareji sai ya tashi ya ce zai duba iskar taya.

Matarsa, wadda nake kira Anti, ɗinki take yi a gida. Ba zan yi mata ƙarya ba, a farkon zamansu ta so shi. In ya dawo daga tafiya takan kaɗe masa kwalar riga tana cewa in ta tara garin da yake kawowa a wuyansa ita ma za ta buɗe gidan burodi. Suka haifi 'ya mace, bayan wasu shekaru suka samu namiji, shi ne autansu. Ɗaki biyu suke haya a bene na sama, keken ɗinkinta a bakin taga, takalmansa na aiki a bakin ƙofa don ba ta yarda su shiga.

Ciwon daga baki ya fara. Wasu ƙananan gyambuna ne masu farin tsakiya da jan gefe, su fito a cikin leɓe da gefen harshe. Sai ya daina cin yaji, ya riƙa ajiye shayi ya huce kafin ya kurɓa, yana magana kamar mai tauna dutse. Su yi kwanaki su warke, a manta, su sake dawowa. Kowa ya ce zafin hanya ne da rashin barci.

Daga baya irin gyambon ya fito masa a ƙasa, wurin da namiji ba ya nunawa. Da wani ne, da ya faɗa wa matarsa tun ranar. Yaya kuwa kunya ta sa ya ɓoye. Ya riƙa kwana a kujerar falo yana cewa bayansa ke ciwo, ya koma wanke gajerun wandunansa da kansa. Mace kuwa ba a yi mata haka ba ta lura ba. Ranar da ta ga tabon jini a wandonsa ba ta tambaye shi ba, sai ta tafi wurin wanta.

Wan nata yana da shagon magani a bakin titi, kowa Mai Kemis yake ce masa. Ni nake duba firjin da yake ajiye allurai, kuma ina durƙushe a bayan firjin ranar da ya kira Yaya. Ya shigar da shi bayan labule, ya duba, ya fito yana wanke hannu kamar zai cire fatar.

"Suruki, ni ba yaro ba ne," in ji shi. "Ka faɗa mini gaskiya in san allurar da zan yi maka. A wane gari ka kwaso?"

"Kwaso me, Yaya?" Haka Yayana yake kiran Mai Kemis don girmamawa.

"Direba ne kai. Mun san inda direbobi ke kwana."

"A mota nake kwana. Wallahi ban taɓa sanin wata mace ba sai ƙanwarka."

Mai Kemis ya yi 'yar dariya ta hanci. "Duk wanda ya shigo nan haka yake cewa. Juya."

Ya yi masa allurar ciwon sanyi. Washegari wurin da allurar ta shiga ya kumbura ya tara ruwa. Aka sake a ɗaya gefen, nan ma ya yi ƙurji. Mai Kemis ya ce ai dattin jinin ne ke neman hanyar fita, kuma hakan ya nuna abin ya daɗe a jikinsa.

Yaya da kansa ya ce a je asibiti a gwada shi. Aka gwada jininsa, har da ƙanjamau, ba a ga komai ba. Aka gwada Anti, lafiyarta ƙalau. Na ɗauka magana ta ƙare. Mai Kemis ya ce akwai irin wanda ke ɓuya wa na'ura. Aka sake gwadawa a wani asibitin, haka nan. Likitan da ya gan shi a can, layi ya yi masa yawa, bai ko ɗago kai sosai ba, ya rubuta magani ya ce, "Malam, a riƙa kiyayewa in an fita." Anti tana zaune a wurin ta ji.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin, gyambon ya fi tashi in ya gaji, gajiya kuwa sai ya dawo daga doguwar tafiya. Duk dawowa da sabon ciwo. In kai ne matar, me za ka ce? Na sha yi wa kaina wannan tambayar don in yi mata uzuri, amma uzurin ba ya kaiwa inda ta kai.

Ta ware masa kofi da cokali, ta ɗaura wa kofin jan zare a hannu don kada yara su yi kuskure. Autan, wanda a da ba ya cin abinci sai a kwanon babansa, aka hana shi. Ina gidan wata rana yaron ya miƙa hannu zai ɗauki ruwan da Yaya ya rage, ta buge hannun har kofin ya faɗi. Yaya ya sunkuya ya ɗauki kofin, ya goge ruwan da tsumma, ya sa takalmi ya fita. Tun daga lokacin a shagona yake cin abincin rana in yana gari, zaune a kan wani mataccen firji da na kwantar.

"Ka yi mata magana mana," na ce masa.

"Na yi. Na rantse har na gaji. Rantsuwar ma yanzu in na yi sai in ji kamar maƙaryaci."

Sai idanu suka shiga. Su yi jajir, haske ya dame shi, ya riƙa sa baƙin tabarau. A gareji aka ce Kunkuru ya fara shaye-shaye. Waɗanda a da suke yi masa dariya don ba ya hirar mata, su ne suka koma cewa ai dama masu shiru-shirun nan sun fi iya ta'asa. Manaja ya kira shi ofis ya ja masa kunne. Maganar ta bi unguwa har ta kai makarantar 'yarsa. Ta dawo gida tana kuka, ta daina gaishe shi sai da kai.

Anti ta nemi saki da rana tsaka, wanta yana tsaye a bakin ƙofa da motar da za ta kwashi kaya. Ta ce ba za ta zauna ta jira ranar da za a shafa mata abin da ba ta ci ba. Yaya ya dube ta ya daɗe, sannan ya ba ta abin da ta nema. Shi ya taya su sauko da keken ɗinkin daga bene, don ya ce masu ɗaukar kayan za su karya mata ƙafarsa. Ta tafi da yaran duka. Shekara ba ta cika ba ta auri wani mai sayar da yadi.

Ya ci gaba da tuƙi, don ba shi da wani abin da ya iya. Ƙafarsa ta hagu ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ya ce yawan taka kuloci ne. Hawa benen gidansa ya zama aiki, sai ya tsaya a tsakiya ya dafa bango yana haki. Na ce mu koma asibiti. Ya ce, "In je a sake ce mini in riƙa kiyayewa?"

Ranar da abin ya kayar da shi yana kan hanya da mota cike da kaya. Ya ce ji ya yi kamar an ɗora masa buhu a ƙirji, zafin ya bi hannu ya hau muƙamuƙi. Duk da haka sai da ya kunna sigina, ya gangara gefen titi, ya ja birkin hannu, ya sauko ya sa wa tayoyi waigi, sannan ya zube a gindin motar. Wata mai sayar da lemo ce ta gan shi, ta tare masu wucewa.

A babban asibiti na same shi, an jona masa wayoyi a ƙirji. Likitar zuciya ce ta karɓe shi, wata dattijuwa mai tabarau rataye a wuya, ba ta da fara'a amma tana kallon mutum in yana magana. Bayan kwana biyu ta zo duba shi, ta kama hannunsa, ta tsaya tana kallon wuraren da aka sa masa allurar ƙarin ruwa. Kowanne ya yi ƙurji.

"Haka allura take yi maka kullum?"

"Haka take yi, Likita."

"Buɗe baki." Ta haska. "Tun yaushe kake wannan gyambon?"

"Ya fi shekara goma."

"Idanunka suna yin ja? Ƙafa ta taɓa kumbura?" Ya gyaɗa kai. Ta rage murya ta ce, "Yana fito maka a al'aura?"

Na miƙe zan fita. Yaya ya riƙe mini riga. Bai dube ta ba, bai dube ni ba, ya ce, "Yana fitowa."

Ta sa aka yi hotuna iri-iri, ta kira likitan ido da wani na daban. Da ta gama ta ja kujera ta zauna kusa da gadon. Ta faɗi sunan cutar, wani suna na ƙasar waje da har yau harshena bai iya shi ba. Ta ce ba kasafai ake samunta ba, likita yana iya gama aikinsa bai ga mai ita ba. Garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta far wa jijiyoyin jininsa, manya da ƙanana, su kumbura. Inda ta taɓa ƙanana sai a ga gyambo a baki da ƙasa, ko jan ido. Tasa ta kai ga jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Ɗaya ta buɗe kamar tiyon da ya yi ciki, wata ta toshe, wani sashe na naman zuciyar ya riga ya mutu, ga kuma gudan jini kwance a cikin zuciyar kanta.

Ni zuciyar nake ji, ina lissafin ko zai tashi. Shi kuwa ba ita ya tambaya ba.

"Likita, wurin mace ake ɗaukarsa?"

"A'a. Ba a ɗauka wurin kowa, ba a shafa wa kowa."

"Ko a kofi?"

"Ko a kofi."

Ya juya fuskarsa bango. Kafaɗunsa suna rawa, na kasa gane dariya yake ko kuka. Ni na tambaye ta da an gano da wuri fa. Ta ce ba a warkewa gaba ɗaya, amma akwai magungunan da ke kwantar da ita, kuma da an fara su tun tana baki, da wuya ta kai zuciya haka.

Da ya samu ƙarfin zama, abu ɗaya ya roƙe ni: in kawo Anti da wanta su ji daga bakin likita. Na yi sawu har na gaji kafin su yarda. Anti ta zo da tsohon ciki, ta tsaya daga ƙafar gado. Likitar ta maimaita musu komai, a hankali, ba ta rage ba. Da ta gama ta fita.

"Allah ya ba ka lafiya," in ji Anti. "Ni ta yaya zan sani? Kai ma mai ciwon ai ba ka sani ba."

"Ban san sunan ciwon ba," in ji Yaya. "Amma na san inda nake kwana, kuma na faɗa miki."

Ta rufe fuska da gyale ta fita. Ba ta ce ya yafe mata ba, ranar ko bayanta. Na raka su zuwa bakin matakala. A nan Mai Kemis ya dafa kafaɗata kamar mai ba ni shawara.

"Matar nan ta iya aikinta," in ji shi. "Haka ake koya musu, su rufa wa majiyyaci asiri. Ni dai na ga abin da na gani da idona."

Na ture hannunsa. Da ba a asibiti muke ba, ban san abin da zan yi masa ba. Kafin mako ya zagayo, maganarsa ce ta zaga unguwa, ba ta likita ba. Tasa ta fi daɗin faɗa, kuma ba ta da suna mai wuyar furtawa.

Yaya ya fito, amma an hana shi tuƙi har abada. Kamfanin suka ce sun tausaya masa, suka ba shi gadin ƙofa. Ya koma zama a wata 'yar rumfar kwano, yana ɗaga sandar ƙarfe motoci su shiga su fita. Motarsa aka ba wani sabon direba mai son gudu. Duk sanda ta wuce yana jin yadda ake murɗe mata giya, sai ya runtse ido kamar shi ake murɗewa. Ba a yi wata uku ba aka fasa mata fitila.

Maganin da ake ba shi ya kumbura masa fuska, kumatu suka cika, wuya ya yi kauri. Masu wucewa suna cewa, "Kunkuru, hutu ya karɓe ka, ka yi ƙiba." Ya ce, "Ƙwarai, har na rasa inda zan sa ta." Gyambon ya lafa, idanun suka washe, a karon farko cikin shekaru ya ci abinci mai yaji har da gumi. Sai dai daga rumfar zuwa famfo ba ya iya zuwa bai huta ba. Na sauko da shi daga benen, na ba shi ɗakin da ke bayan shagona.

'Yarsa ce ta fara dawowa. Ta girma lokacin, tana koyon aikin gwajin ido a wani shagon tabarau. Ranar farko ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga, shi ma ya kasa cewa ta shigo, sai ni na kawo kujera. Daga baya ta saba, takan zo ta wanke masa kaya ta jera masa magunguna. Autan kuwa a gidan kawunsa Mai Kemis ya tashi. An kawo shi gaisuwa sau ɗaya, ya zauna a bakin gado hannuwansa a cinya, duk abin da aka miƙa masa sai ya ce ya ƙoshi. Da suka tafi Yaya ya ce mini, "Yaron yana da ladabi. An yi masa tarbiyya." Bai ƙara ambatarsa ba.

Ya yi shekara huɗu a bakin ƙofar nan. Wata safiya motoci suka yi layi za su fita, sanda tana ƙasa, ana ta danna hon. Wani ya sauko yana faɗa, ya leƙa rumfar, ya same shi zaune a kujera kansa ya jingina da kwano. Likitar ta ce jijiyar da ta buɗe ce ta fashe, kuma bai daɗe yana jin zafi ba. Bai kai hamsin ba.

Wurin gaisuwa ya cika. Direbobin gareji suka zo suna ba da labarin kirkinsa. Mai Kemis ya zauna a sahun gaba yana karɓar gaisuwa kamar shi aka yi wa mutuwa, yana cewa marigayi mutum ne mai haƙuri. Na zauna ina jinsu, na ƙi buɗe baki don na san abin da zai fito.

Bayan shekara wani malamin makaranta ya fito neman 'yar Yaya. Yaron kirki ne, suna son juna, magana ta yi nisa. Sai danginsa suka shiga bincike, kuma a unguwa ba a rasa mai ba da labari. Baffan yaron ya zo shagona, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce sun ji wani abu game da ciwon da ya kashe uban yarinyar, suna so su san ko ya taɓa gidan.

Na rufe shago na ce ya taso mu je ya ji da kunnensa. Muka hau mota har babban asibiti, muka hau bene zuwa sashen zuciya. Ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa ta ce likitar ta yi ritaya, ta koma wurin 'ya'yanta a wata ƙasa. Wanda ya gaje ta saurayi ne, ya saurare ni da ladabi, ya ce ya karanta cutar a makaranta, ba a ɗaukarta, amma shi bai san marigayin ba, don haka ba zai iya cewa ita ce ta kashe shi ba.

Muka sauko. Baffan ya gode mini, ya ce na yi ƙoƙari, za su yi shawara a gida. Ba su sake zuwa ba. Yarinyar da kanta ta haɗa kayan da suka kawo, ta ce in mayar musu, don ita ba za ta iya haɗa ido da su ba. Na ɗaure akwatin a bayan babur na kai.